Yatsan da Ya Fara Daga Dama

Madarumfa, gidanmu na bayan kasuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ɗiyata ta fari, wadda daga makon nan ƴaƴan mutane za su riƙa miƙewa tsaye in ta shiga aji suna ce mata Madam. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ke da kayanki. Allah ya tsare ki a masauki kamar yadda ya tsare ki a hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba.

Innarki na ba takardar, na ce ta cusa ta ƙarƙashin zannuwanki a can ƙasan jaka, don na san hannunki ba zai kai wurin ba sai kin isa kin fara jera kaya. Kada tsawonta ya ba ki mamaki. Duk shekarun da muka yi a gida ɗaya, in aka tara maganar da na yi miki baki da baki ba za ta cika shafi biyu ba, rabinta kuma "kawo buta" ne da "ina Innarki?" Ke ce ta fari, kin san yadda muke a nan. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da ke ba, in muka haɗu a zaure kowa ya kau da kai. To takarda ba ta da idon da zan ji kunya, don haka yau zan saki bakina.

Labarin gida ba sai na ba ki ba, ba ki daɗe da barinsa ba. Abin da ya sa na ɗauki bik na zauna rubutu shi ne maganar da na ji ta bayan danga ranar da aka sanar da ke inda aka tura ki. Kina ce wa Innarki an ba ki tarwaziyam, ajin ƙarshe na kolaj, masu zana jarrabawar birebe, kuma gabanki na faɗuwa kada ƴaƴan mutane su faɗi a hannunki. Wallahi na ji daɗin wannan tsoro naki. Ni lokacin da na fara ba ni da shi ko kaɗan, kuma rashinsa ne ya ja mini duk abin da zan ba ki labari. A kan darasi ɗaya zan tsaya, gangaren layi, abin da littafinmu na Faransanci ke kira pant. A cikinsa na tafka kusan duk kurakuraina, a cikinsa kuma na sami ranar da ta fi kowace daɗi a aikina.

Na fito daga makarantar malamai wandona da karin guga, Faransanci a bakina kamar zai zuba ƙasa. In lokacin pant ya zo sai in juya wa aji baya in rubuta ƙa'idar a tabulo, baƙin allon aji, da manyan baƙaƙe: bambancin tsayin ɗigo biyu a sama, bambancin nisansu a ƙasa, a raba. In ce a maimaita. Yaran Madarumfa kuwa kin san su wajen hadda. Yaron da tun bai iya ɗaura wando ba yake zama gaban malam da allonsa, layi biyu na Faransanci ba za su gagare shi ba. Su rera mini ita da murya ɗaya har malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ce mu rage. Ni kuma in fito ina kaɗe alli daga hannuna, ina ji a raina babu malamin boko, babu mushen lissafi kamata daga nan har Maraɗi. Na yi shekaru a haka ban taɓa tambayar yaro ko ɗaya me abin da yake rerawa yake aunawa ba.

Don haka ranar da ajinki ya rera miki ƙa'ida da daɗin murya, kada kanki ya kumbura. Goge tabulon. Ki tambaye su da Hausa, ba laifi ba ne, tsakanin tsanin da aka jingina a rumbu da hanyar da shanu ke bi su sauka mashaya, wanne ya fi miƙewa, kuma ta yaya za a gaya wa wanda bai ga ko ɗaya ba. In suka yi tsit, to ba su sani ba, sai ki koma farko ba tare da fushi ba.

Kuskurena na biyu shi ne jan bik ɗina. Ni mutum ne mai gaggawa, kin sani, Innarki ma ta fi ki sani. In na ɗauko takardun gwaji, layin ƙarshe kawai nake dubawa. Amsa ta yi daidai in ba da maki, ba ta yi ba in zana ƙaton sifili in wuce. Kowace shekara kuwa abu ɗaya nake gani. In na ba su ɗigo biyu da lambobinsu, ƙa'idar haddar nan ta fisshe su. Amma da zarar na zana layi a kan takarda mai gida-gida na ce a karanta gangarensa da ido, sai abin ya kife. Layi na hawa, su sa masa ɗan karan nan na debewa da muke kira mwan. Layi na sauka, su cire. Lambar daidai, alamar a juye. Daga nan duk sauran lissafin da aka ɗora a kai ya rushe. Ni kuwa in shiga ɗakin malamai ina cewa yaran bakin tabkin nan namu kifi ya cika musu kai, a yi dariya, a sha shayi.

Ki riƙe wannan da kyau. Ganganci ba ya zuwa iri ɗaya. Yaro mai ganganci yau ya ɓata nan, gobe ya ɓata can. In kika ga yara da yawa suna faɗawa rami ɗaya, bana su faɗa, baɗi ƙannensu su faɗa, to akwai abin da ke kai su wurin, kuma aikinki ne ki nemo shi. Ki bi aikin yaro daga layin farko, ko da zai sa abincinki ya huce.

Ana nan sai kika iso ajina. Ba ni na zaɓa ba, kolaj ɗin ba shi da wani mushen lissafi a tarwaziyam sai ni. Kin tuna yadda muka yi, amma daga bencinki kika gani, bari in gaya miki yadda abin yake daga gaban tabulo. In ina kiran suna da safe na zo kan naki, sai in yi gyaran murya in tsallake, ƴan aji su amsa da baki ɗaya, "Tana nan, Mushe!" Na ajiye ki can baya kusa da taga. In ina zagaya benci ina leƙa kayen kowa, littafin da yake aiki a ciki, ina zuwa naki sai wani abu a waje ya ɗauke mini hankali, akuya ko mai kura. Rabi kunya ce irin tamu, rabi kuma tsoron kada a ce mushe na fifita ɗiyarsa. Ina ganin kaina adali a lokacin. Abin da ya fito daga adalcin shi ne, a ajin gaba ɗaya ke kaɗai ce ba ki da malami.

Kika zana birebe kika faɗi, kuma lissafi ne ya ja ki ƙasa. Kika dawo maimaita aji. Dokar kuwa kin san ta, yanzu ma ke za ki riƙa gaya wa iyaye ita: wanda ya maimaita ya sake faɗi, ba a ba shi benci karo na uku, kora ce.

Cikin wannan shekara ta biyu Gwaggonki Balki ta zo daga Ɗan Isa da ƙullin kayanta, ta zauna tsakar gida ta miƙe ƙafa, ta sa aka kira ni kamar yaron da ya yi laifi. Yayata ce, ita ta goya ni, ba ni da bakin musu da ita.

Ta ce, "Lawali, kai dai tun kana ƙarami ka cika taurin kai. Yarinya ta gwada, abin bai karɓe ta ba. Ka ba ni ita in tahi da ita shago ta koyi atamfa. Ni da ban taɓa taka lakwal ba, ko aji ɗaya na boko, wa ya taɓa cuta ta a awon yadi? In sunka kore ta bana, da wane ido za ka hita kasuwa, kai da ake ce ma mushen lissahi?"

Na ce, "Yaya, a bari dai ta ƙare shekarar."

Ta ce, "To, na bari. Amma in ta hwaɗi, ranar da anka kira sakamako ina nan tahe da mota, kuma ba ni son jin wata magana."

Na ce na yarda. Kina bayan ɗaki kina wanke kwanoni, na ji ƙarar kwanonin ta tsaya, can kuma ta ci gaba a hankali. Kada ki riƙe Gwaggonki a rai, don ƙauna ta faɗa, kuma da kin je da ta mayar da ke ƴar kasuwa ta gaske. Amma na san ba shagon kike so ba. Tun kina ƙarama kike tara ƙannenki a gindin bishiyar bedi kina yi musu lakwal da gawayi a jikin katanga.

Daga ranar kika canza. Takardun gwajinki suka fara zuwa rabi babu rubutu, ba a pant kaɗai ba, har a abubuwan da na san kin iya. Kin yanke wa kanki hukunci, ni kuma na taya ki. Na ce wa Innarki, "Yarinyar nan ba ta da kan lissafi." Ba ta ɗago daga tsintar wakenta ba ta ce, "Kai ka sani, kai ne mushe." Kin san muryar da take faɗin irin wannan. Wannan kalma, ba shi da kan lissafi, kada ta taɓa fita bakinki a kan ɗan kowa. Malami na faɗinta ne ranar da ya gaji da nema, kuma yaro na jin ta ko a bayan ɗaki aka faɗa.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Wata la'asar cikin bazara na fito zan yi alwala, buta tana gindin bedi kusa da ke, ƙannenki duk sun fita, babu wanda zan aika. Dole na zo da kaina. Kin ba ni baya, allonki a kan cinya, lokacin kin kusa saukar Alƙur'ani, kina bin rubutun da yatsa daga dama zuwa hagu kina motsa baki. Kika gama, kika jingine allon, kika jawo kayen lissafi. Na sunkuya zan ɗauki buta idona ya faɗa kan shafin. Layi ne mai hawa, irin wanda na ba ku aikin gida. Sai na ga yatsan nan naki, shi dai wanda ya gama bin allo, ya tafi kai tsaye ya sauka a ƙarshen layin na dama, can sama, ya gangaro zuwa hagu. Kika ƙirga gidaje daidai, ɗaya a kwance, biyu a tsaye. Kika rubuta biyu. Kika ɗan yi jim, kika sa masa mwan.

Na tsaya da buta a hannu kamar an dasa ni. Ba ki yi kuskuren ƙirga ba. Daga inda kika taso, layin sauka yake yi, gaskiya kika rubuta. Rubutun boko yana da baƙaƙen da ke nuna wa mutum inda zai fara, shi ya sa ba ki taɓa ruɗewa a karatun Faransanci ba. Amma layi tsirara ne, ba shi da kai ba shi da wutsiya, sai hannu ya koma inda ya fara sabawa. Ni kuma a duk shekarun nan ban taɓa buɗe baki na ce wa aji daga hagu ake tasowa ba, don na manta cewa abu ne da ake faɗa. Na wuce da butata. Na yi alwalata, kuma Allah ya gafarta mini, a sallar nan rabin hankalina na kan tabulo.

Washegari na zana layi mai hawa, ban rubuta komai a gefensa ba. Na ce kowa ya ɗaga hannu ya nuna mini da yatsa inda layin ya fara. Na juyo. Yatsu sun rabu biyu, kuma waɗanda suka nuna dama ba su da kaɗan, cikinsu har da waɗanda na fi yi wa sifili. Dariya ta kuɓuce mini, na yi ta yi har na dafa tebur, yara suna kallon juna suna zaton mushe ya taɓu. Kaina nake yi wa, da kifin da na ɗora wa laifi.

Na je wurin Darakta na ce ina son in fita da ajina bakin tabki. Ya cire tabarau ya ce, "Mushe Lawali, birebe ya matso, kai kuma za ka kai su wanka?" Na ce ya ba ni safiya ɗaya, in ba ta yi amfani ba ya rubuta ni. Ya ce in tafi, amma ko takalmin yaro ɗaya ya jiƙe ni da shi.

Kin tuna safiyar. Ruwa ya ja baya, lambuna sun yi kore da albasa da tumatir, masunta na zaune a inuwa suna gyaran koma suna kallonmu. Na kai ku mashaya, inda shanu suka daddale hanya ta miƙe daga tudu zuwa bakin ruwa. Na raba ku biyu, rabi a sama, rabi a ƙasa. Na ajiye Faransanci a aljihu na ɗaga murya na ce, "Hanyar nan hawa take ko sauka?"

Na sama suka ce, "Sauka, Mushe!"

Na ƙasa suka ce, "Hawa dai!"

Gardama ta kaure, har da nuna juna da yatsa. Wani daga sama ya ce ko makaho ya san gangara ce, wata daga ƙasa ta ce to ya sauko ya ɗauki tulu ya koma ya gaya mata. Masunta suka ajiye koma suna dariya. Na bar ku kuka yi ta yi, ban sa baki ba, kuma wannan shirun shi ne koyarwa mafi kyau da na taɓa yi.

Can sai na ji wata murya daga cikin na ƙasa, muryar da ban taɓa ji a ajina ba. Ba ki dube ni ba, ruwa kike kallo. Kika ce, "Mushe, ai duka muna da gaskiya. Hanya guda ce. Sai dai a shirya daga ina za a taso."

Na ce, "To an shirya. A takarda, duk duniya daga hagu ake tasowa. Ba don hagu ta fi dama ba, don dai in wani ya ce hawa kowa ya san abin da yake nufi."

Daga nan muka shiga awo. Na zo da doguwar sanda da kwalba mai rabin ruwa. Muka kafa kan sandar a ƙasa, muka ɗaga ɗaya kan har ruwan kwalbar da muka kwantar a kai ya daidaita, muka auna daga bakin sandar zuwa ƙasa. Gaba kamu biyar, ƙasa kamu ɗaya. Muka matsa ƙasa muka sake, haka dai. Muka haɗa biyun, gaba goma, ƙasa biyu. Na ga fuskoki suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, don sun gane ƙa'idar da suke rerawa ba komai take tambaya ba sai wannan: in ka matsa gaba kaza, nawa ka hau ko nawa ka sauka.

Amma ba a bakin tabki kika gama da ni ba, sai da muka dawo aji. Na zana layin jiya na ce wa zai zo. Kika miƙe daga bayan nan, kika ratso benci, kika karɓi alli ba tare da hannunmu ya haɗu ba. Kika taso daga hagu, kika sami biyu, babu mwan. Na ce daidai, koma. Ba ki koma ba. Kika ce, "Mushe, in ma na taso daga dama ya kamata in samu wannan. Don in na taso daga dama, baya nike tahiya, ba gaba ba. Ke nan takun ma sai in sa mishi mwan. Mwan a sama, mwan a ƙasa, sun cinye juna." Kika rubuta, ya fito biyu.

Ban koya miki wannan ba. Ban koya wa kowa ba, ni kaina ban taɓa tsayawa na dube shi ta wannan fuska ba. Yarinyar da na ce ba ta da kan lissafi ta tsaya gaban tabulona ta nuna mini cewa hanyarta ma tana kaiwa, in an bi ta da gaskiya har ƙarshe. Sunanki ya taho har bakin haƙorana, na danne shi, na ce, "Madalla, ke can." Aji ya fashe da dariya da tafi, kika koma bencinki kina rufe fuska da mayafi.

Sauran kin san shi. Takardunki suka daina zuwa da fili. Ba pant kaɗai ya gyaru ba, duk lissafin ya dawo miki, don dama ba iyawa kika rasa ba. Ranar kiran sakamako na tsaya can nesa a gindin wata bishiya, filin kolaj cike da iyaye, ana kiran sunaye da lasifika. Na hango Gwaggonki a bakin ƙofa, ta cika alkawari, ta zo da mota. Aka yi ta kira, ƴan ajina suna fitowa ɗaya bayan ɗaya fiye da kowace shekara da na taɓa gani. Sai na ji sunanki a bakin wani mutum da bai san ki ba, ya faɗe shi da ƙarfi ya haɗa da nawa. Wadda ta fara rangaɗa guɗa a filin nan Gwaggonki ce. Ta ratso mutane ta same ni ta ce, "Lawali, lakwal ta ci ni. Motar ga kuwa ba ta komawa wohi, ku shiga in kai ku gida." Ban shiga ba. Na bi ta bakin tabki da ƙafa, don ba na son a ga fuskata.

Daga shekarar nan har na ajiye aiki, ban sake fara pant a cikin aji ba, kullum a mashaya. Har masunta suka saba, in sun hango mu sai su ce ga masu gardamar hawa da sauka nan sun iso. Inda aka tura ki babu tabki, na tambaya. Amma ba za a rasa tudun yashi ba, ko bakin rijiya, ko indararo. Ki nemo tun kafin darasin ya zo.

Kada kuma ki je ki ce wa mutane allo ne ke ɓata yara. Allo ne ya ba su zama wuri ɗaya da haddar da za ki ci moriyarta kullum, ke ma shi ya ba ki. In kin sauka ki je ki gaida malamin allon garin kamar yadda za ki gaida maigari, yaranku ɗaya, shi da asuba ke da hantsi. Abin da ke kanki kawai shi ne ki faɗi abin da kike zaton kowa ya sani. Wataƙila ma yaranki ba wannan ne ramin da za su faɗa ba, wani ne dabam da ni ban taɓa gani ba. Ba za ki same shi a littafi ba, ba kuma za ki same shi daga gaban tabulo ba. Sai kin taka har benci, kin tsaya a bayan yaro, kin yi shiru, kin kalli inda yatsansa ke sauka. Ki fara da bencin da ƙafarki ba ta son zuwa. Kowane malami yana da irin wannan benci, ko don kunya, ko don haushi, ko don yaron ba ya magana. A nan wanda ake shirin kora yake zaune.

Ki ci abinci kafin ki shiga aji, mai yunwa ba ya haƙuri da ɗan kowa. In Darakta ya yi miki faɗa a gaban mutane ki bari sai kun keɓe. Ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da labari, tun da kika fara haɗa kaya take shiga ɗakinki tana fitowa ba ta ɗauko komai ba.

Saura abu ɗaya. Shekara biyu ina kiran suna a ajin nan ina tsallake guda. Kowane yaro da ya bi ta hannuna ya ji sunansa a bakina, har waɗanda suka fi ba ni ciwon kai, ban da wadda ta fi su duka a raina. Na ajiye alli, ba ni da sauran aji, amma ban rufe wannan kiran ba. To ki miƙe tsaye a ɗakin da kike, ga shi nan da hannuna.

Habsatu Lawali.

Ki amsa daga can, zan ji. Kada ki gaya wa Innarki na rubuta, za ta yi mini dariya har girbin baɗi. In kin dawo hutu kuma kada ki sa rai, "ke can" za ki ci gaba da ji.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na dare da na baki. Allah ya ba ki haƙuri da ƴaƴan mutane, ya sa su ci birebe a hannunki, ya sa wata rana ɗaya daga cikinsu ya tsaya gaban tabulonki ya koya miki abin da ba ki sani ba. Innarki na gaishe ki, ƙannenki na gaishe ki, Gwaggonki ta ce atamfar da ke saman jaka ita za ki ɗaura ranar farko. Allah ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka, Habsatu.

Wassalam.

Mahaifinki,
Lawali